Allurar da ta haɗa taifot da ciwon hanta: wai ita kaɗai ta isa kariya daga cututtukan gurɓataccen ruwa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah masu ilimin lafiya a zauren nan ina da tambaya. Naji ance akwai allurar rigakafi guda ɗaya da ta haɗa taifot da ciwon hanta, wai in akayi maka ita shikenan ka huta da cututtukan da ake ɗauka ta ruwa da abinci. Gaskiya ne? In kuma gaskiya ne meyasa ba'a saka ta cikin alluran jarirai ba, tunda su ne kullum cikin gudawa da zazzaɓi?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam. Nima naji labarinta, ance har kwalara tana ciki. Bari masana su zo.

Sista Jummai:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Eh akwai ta amma kwalara bata ciki, Abu Safwan. Abu biyu ne kawai, taifot da ciwon hanta nau'in A. Kamfanin Sanofi yayi tasa mai suna Vivaxim, wasu ƙasashen suna ce mata ViATIM, GSK ma yayi wata Hepatyrix. In kika ga sirinjin na Sanofi ɗaki biyu ne a cikinsa, ɗaya ruwa garau ɗaya kuma fari mai ɗan duhu, sai an zo yin allurar ake tura su su haɗe a girgiza, mililita 1 gaba ɗaya a dantse. Amma fa ba ta yara bace, daga shekara 15 ko 16 ake yinta, kuma galibi matafiya ake yiwa, wato wanda ya tashi inda ruwa ke da tsafta zai je inda cututtukan suka yi yawa. Kuma ba ko'ina ake samunta ba yanzu, da yawa sai dai ayi maka biyun daban daban rana ɗaya, ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, aikinsu ɗaya ne.

Maman Ilham:
Ikon Allah. To Sista meyasa sai manya? Ni a tunanina yaro ne yafi buƙata

Likita Sani:
Tambayar ki mai kyau ce Hajiya kuma amsarta tana cikin irin rigakafin taifot ɗin da aka zuba a ciki. Tsohon samfuri ne, an ɗauko sukarin da ke lulluɓe da jikin ƙwayar cutar ne, ana ce masa Vi, aka yi allura da shi. Matsalar ita ce garkuwar jikin yaron da bai kai shekara 2 ba bata gane wannan sukarin yadda ya kamata, ko an yi masa kamar ba'a yi ba. Ko a babba ma kariyar bata cika ba, tsakanin kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari ne, kuma bayan shekara 3 ta ragu sai an sake. Shi kuma ɓangaren ciwon hantar awon manya aka zuba. Kinga dalili biyu kenan.

Wanda ya dace da yara shine sabon, TCV. Shi an ɗaure sukarin ne a jikin wani sinadarin furotin, sai garkuwar jariri ta iya gane shi ta kuma riƙe shi a ƙwaƙwalwarta. Daga wata 6 ake iya yi, allura ɗaya tal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bada shawarar amfani da shi a 2018, na farko da aka amince da shi shine Typbar-TCV na kamfanin Bharat Biotech na Indiya. An gwada shi a birnin Blantyre na Malawi akan yara sama da 28,000 kuma kariyar ta kai wajen kashi 80, bayan shekara 4 aka sake dubawa tana nan kusan yadda take. Pakistan ce ta fara saka shi cikin alluran yara a 2019, Laberiya da Zimbabwe suka bi a 2021, Nepal 2022, Malawi 2023. In da za'a tambaye ni wanne iyaye ya kamata su riƙa tambaya a asibiti, wannan ne, ba waccan ta matafiya ba.

Ɗan Kemis:
Likita Allah ya ƙara basira. Ni dai abinda nake gani kullum shine mutane basu bambance ciwon hanta A da B ba, da an ce ciwon hanta hankalin kowa ya tashi. Nau'in A ta baki yake shiga, bayan gidan mai cutar ya taɓa ruwa ko abinci ko hannu, yayi sati biyu zuwa huɗu a jiki kafin ya nuna, ido yayi ɗorawa fitsari yayi duhu mutum ya kasa cin abinci, amma baya zama a jiki har abada, in an warke an warke kuma ba'a sake kamuwa. B kuma ta jini ne da saduwa da wajen haihuwa, shine mai zama ya lalata hanta a hankali, kuma shi yana cikin allurar biyar-a-ɗaya da ake yiwa jarirai. Akwai wata haɗin ma, Twinrix, A da B tare, sau uku ake yi, ranar farko, bayan wata 1, sai a wata na 6. Kar wani yayi Vivaxim yace ya tsira daga B, babu B a ciki ko kaɗan.

Ummu Nabila:
Toh in A ta ruwa ake ɗauka meyasa ita ma ba'a yiwa yaran duka? Ni gaskiya abin nan yana ɗaure min kai, kamar dai ana yiwa masu kuɗi ne a bar talaka

Likita Sani:
Anti ba haka bane a wannan ɗin, duk da na fahimci abinda yasa kika faɗa. Inda tsaftar ruwa tayi ƙaranci sosai, mafi yawan yara sun riga sun kamu da A kafin su kai shekara 10, kuma a ƙaramin yaro yawanci ko alama baya nunawa, ya wuce shiru ya bar masa garkuwa har tsufa. Babba ne yake kwantarwa sosai, har wani lokaci hanta ta tsaya. Shi yasa wanda ya girma cikin ruwa mai tsafta bai taɓa haɗuwa da cutar ba shine ke cikin haɗari in yayi tafiya. Ƙasashen da suka fi buƙatar yiwa yara duka su ne na tsaka-tsaki, inda tsafta ta fara gyaruwa yara sun daina kamuwa da wuri sai su kamu suna samari. Ajantina misali ce, tun 2005 take yiwa yara allura ɗaya a shekara 1 kuma cutar ta ragu ƙwarai. A Shanghai a 1988 mutane wajen 300,000 suka kamu lokaci guda ta hanyar cin ɗanyen abincin teku da aka kwaso daga gurɓataccen ruwa, mafi yawansu matasa ne marasa garkuwa. Wato lissafi ne na wa ke da garkuwa wa bashi da ita.

Ummu Nabila:
Na gane Likita amma ban gamsu duka ba. Kamfani ya zauna ya haɗa allura biyu a sirinji ɗaya saboda mai zuwa yawon buɗe ido kar a soke shi sau biyu, amma yaron da ke zaune cikin cutar tun haihuwa sai 2018 aka bada shawarar yi masa ta taifot mai aiki. Wannan ba lissafin garkuwa bane lissafin kasuwa ne.

Likita Sani:
A nan kam bazan musa miki ba. Taifot na kama mutum wajen miliyan 9 a shekara yana kashe kusan 110,000 bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan dukkansu a kudancin Asiya da Afirka, kuma dabarar ɗaure sukari da furotin ɗin nan an daɗe da saninta, da ita akayi rigakafin wasu cututtukan sanƙarau shekaru da yawa kafin a waiwayi taifot. Jinkirin na rashin mai saye ne.

Baba Alhaji:
Yarana ina bin zancen ku tun ɗazu. Ni abinda ke damuna daban ne. Duk wannan allurai da kuke lissafawa, ba ruwa bane asalin matsalar? Turawa ba da allura suka kori taifot da kwalara daga biranensu ba, famfo suka gyara da magudanar ƙazanta. Tun 1854 wani likita John Snow a Landan ya gano famfon unguwa ɗaya ne ke raba kwalara, aka cire hannun famfon. Yau sama da shekara 170 muna maganar sirinji. Ina tsoron kada rigakafi ya zama uzurin da masu mulki zasu fake da shi su ƙi kawo ruwa, a zo a ɗiga wa yara magani a baki a ɗau hoto a tafi, rijiya na nan kusa da masai yadda take.

Abu Safwan:
Wallahi Baba ka faɗi gaskiya, ni ina bayanka ɗari bisa ɗari. A gyara ruwa kawai a bar mu da allurai

Sista Jummai:
Baba da girman ka, maganar ka gaskiya ce amma Abu Safwan inda ka kai ta ne ban yarda ba. A bar mu da allurai kuma? Sai yaushe ruwan zai zo? Jan bututu da gina wajen tace ƙazanta aikin shekaru ne ko an samu shugaba mai niyya, yaron da aka haifa bana bazai jira ba. Ni na tsaya akan yaran da taifot ya huda musu hanji. Yawanci sati na uku ne, an yi ta zazzaɓi ana shan magani barkatai, sai rana ɗaya ciki ya kumbura yayi tauri yaro baya bari a taɓa, a shiga tiyata a tarar da ƴar ƙaramar huda a ƙarshen ƙaramin hanji ƙazanta ta malale cikin ciki. Wasu a ɗinke su tashi wasu a fito musu da hanji ta gefen ciki su yi watanni da jaka, wasu basa tashi. In allura ɗaya a wata 9 tare da ta ƙyanda zata hana 8 cikin 10 na wannan, ni bazan ce a jira famfo ba. A yi duka biyun, a yi allura a kuma ci gaba da matsa wa hukuma lamba akan ruwa.

Baba Alhaji:
Ƴata ban ce kar ayi ba, jikokina duk an yi musu abinda ake yi. Cewa nayi kar mu yi shiru akan ruwa don an bamu allura. Allah ya saka miki da aikin da kike.

Ɗan Kemis:
Akwai abinda ya ƙara sa rigakafin taifot ya zama dole yanzu, maganin ne ke ƙarewa. A 2016 a Hyderabad ta lardin Sindh a Pakistan wani nau'in taifot ya ɓulla da baya jin magungunan antibayotik da aka saba, baya jin kloramfenikol, baya jin amfisilin, baya jin Septrin, baya jin sifro, har seftriyazon ta allura baya ji. Azitromaisin ne kaɗai ya rage na sha, in shi ma ya faɗi sai magungunan jijiya masu tsada a gadon asibiti. Shine dalilin da yasa Pakistan tayi gaggawar TCV. Kuma mu da kanmu muke haifar da wannan, kowane zazzaɓi a ce taifot ne a sha antibayotik kwana uku a ajiye.

Maman Ilham:
Ai kuwa ni duk gwajin da akayi min sai ace maleriya da taifot, a shekara sai a faɗa min haka ba adadi

Likita Sani:
Hajiya da alama gwajin Widal ake miki. Gwajin nan tun 1896 yake, kuma ba ƙwayar cutar yake nema ba, garkuwar da jiki yayi yake aunawa, to wanda ya taɓa kamuwa a da, ko ya haɗu da dangin ƙwayar, ko yana da maleriya, ko ma an yi masa rigakafi, duk zai iya nuna akwai. Inda cutar ta yawaita mutum lafiyayye ma in aka gwada shi sai a ga lamba. Gwajin gaskiya shine a ɗebi jini a shuka shi a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar zata tsiro, yana ɗaukar kwanaki kuma ba kowane asibiti ke da kayan ba shi yasa ake komawa Widal. Na faɗi wannan ne saboda nasan abinda zai biyo baya, a yiwa yaro TCV bayan wata biyu yayi zazzaɓi a yi Widal a ce taifot, uwa tace allurar bata aiki. Sau da yawa ba taifot bane tun farko.

Sannan akwai ƙanin taifot da ake kira farataifot, alamunsu iri ɗaya sak, ya fi yawa a Asiya, kuma alluran Vi basa kare shi saboda nau'in A nasa bashi da wannan sukarin. Yanzu haka ana kan gwajin allurar da zata haɗa taifot da farataifot A guri ɗaya. A ganina wannan ce haɗin da zata yi amfani na gaske, ba wadda muka fara magana akai ba.

Ɗalibar Lafiya:
Slm, ina ta karantawa ina ƙaruwa. Malam Likita tambayata, tunda an iya haɗa biyar a ɗaya har shida a ɗaya ga jarirai, me zai hana a haɗa kwalara da taifot da rota (mai sa jarirai gudawa) da ciwon hanta duka a kwalba ɗaya a huta?

Likita Sani:
Ƙanwata ba'a haɗa su kamar yadda ake zato, kowace da hanyarta. Na farko mashiga. Kwalara da rota a cikin hanji suke ɓarna basa shiga jini, to garkuwar da ake so a bangon hanji take shi yasa rigakafinsu ta baki ake bayarwa. Taifot da ciwon hanta suna ratsawa su shiga jini, allura na musu aiki. Baka haɗa na sha da na allura. Na biyu lokaci, rota dole a fara tun sati 6 a gama da wuri saboda a watannin farko take kisa, TCV daga wata 6, ciwon hanta A daga shekara 1, kwalara ma daga shekara 1. Na uku ko waɗanda aka haɗa ɗin ma jadawalinsu na rabuwa, dubi Vivaxim, kayi ta yau, ɓangaren hanta yana son ƙari guda bayan wata 6 zuwa 12 sannan ya kare ka shekaru masu yawa, ɓangaren taifot kuma duk shekara 3. Kaga haɗuwar ta rana ɗaya ce kawai daga nan kowa ya kama gabansa. Ga kuma cewa in aka zuba biyu a kwalba ɗaya wani na iya rage ƙarfin wani, ko sinadarin da ke adana wannan ya lalata wancan, dole a sake gwaji daga farko akan dubban mutane.

Amma ki lura shida-a-ɗayan da kika ambata akwai shan inna a ciki, ita ma ta bayan gida da baki take yaɗuwa, mutane na mantawa da ita in ana lissafin cututtukan ƙazantar ruwa.

Sista Jummai:
Bari in ƙara akan na kwalara tunda Abu Safwan ya ambata. Wanda ake rabawa lokacin annoba shine Euvichol na wani kamfanin Koriya ta Kudu, yana zuwa a ƴar roba mililita 1.5, a murɗe kan a matse a baki shikenan. Ƙa'ida sau biyu ne tsakani sati biyu, kariya wajen shekara 3. Amma a watan Oktoba 2022 saboda ƙarancinsa a duniya aka koma bada ɗaya kawai don ya isa ƙasashe da yawa, kuma ɗayan baya daɗewa musamman a ƙananan yara. Akwai Dukoral na matafiya, shi garin da ke cikin fakiti ake zubawa a kofin ruwa yana tafasa da kumfa sannan a juye maganin a ciki a shanye, ba'a cin komai awa ɗaya kafin da awa ɗaya bayan. Shi yana ɗan bada kariya ta ɗan lokaci daga wani nau'in E. coli mai sa matafiya gudawa, amma kaɗan ne kar a dogara da shi.

Kuma dan Allah ko an sha rigakafi in aka ga gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa tana zuba ba tsayawa, a fara ruwan gishiri da sukari nan take a hanyar asibiti. In babu na fakiti, lita 1 na tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kwalara na iya kashe babba cikin awanni, rashin ruwa ne ke kisan.

Ummu Nabila:
Sista mai ciki fa? Ƙanwata na da ciki naji ance akwai ciwon hanta da ke kashe masu ciki ta ruwa

Sista Jummai:
Nau'in E kenan Anti, shi ma ta gurɓataccen ruwa. A sauran mutane yawanci yana wucewa amma mai ciki a watannin ƙarshe yana iya kashe 1 cikin 4 ko 5 na waɗanda ya kama. Baya cikin kowace allurar haɗi. Rigakafinsa guda ɗaya ne Hecolin, na Chana, an yi amfani da shi a sansanin ƴan gudun hijira na Bentiu a Sudan ta Kudu a 2022, amma ba abu bane da zata shiga asibiti ta samu. Ita dai ta tafasa ruwan sha ko ta sa sinadarin kulorin, in ta ga idonta ya canza kala kar ta kwana a gida.

Abu Safwan:
Toh ni yanzu na janye maganar a bar allura, amma ina nan akan bakana cewa Baba yafi kowa gaskiya. Shigella fa da amiba da sauran masu sa atini, naji babu rigakafinsu ko ɗaya

Likita Sani:
Haka ne babu wanda aka amince da shi tukuna, na Shigella ana kan bincike, norobairos mai sa amai da gudawa ma haka. Kuma su ne ke kawo kaso mai yawa na gudawar da ake gani kullum. Shi yasa nake jin haushi in naji ana tallar wata allura da sunan ta kare ka daga cututtukan ruwa da abinci, biyu ta kare cikin goma sha wani abu, mutum ya saki jiki ya sha duk abinda ya samu. Har mai dafa abinci lafiyayye na iya ɗauke da taifot a matsarmamarsa shekaru yana rabawa bai sani ba, irin Mary Mallon da aka gano a New York a 1907, ita ko ciwon kai bata yi amma gidajen da tayi girki mutane sun yi ta kwanciya.

Maman Ilham:
Nagode ƙwarai Allah ya saka. To a taƙaice ni da yarana, babba shekara 7 ƙaramar wata 4, me zan nema?

Sista Jummai:
Ƙaramar ki duba katinta ki tabbatar an ɗiga mata rota, sau biyu ko uku ne ya danganta da samfurin, in ta rasa ɗaya ki koma da wuri kar ki bari ta girma, da na shan inna duka. In ta kai wata 9 ki tambaya ko ƙasar ku ta saka TCV a jadawali, in babu a na gwamnati wasu asibitocin kuɗi na da shi, ki ce musu TCV kike so ba tsohon Vi ba, ki karanta kwalin da idonki kafin a fasa. Babban ma za'a iya masa TCV ɗaya. Na ciwon hanta A ki bari likitan da ya san yanayin inda kuke ya yanke, wataƙila ma yana da garkuwa tuni. Ke kuma in tafiya zaki yi aka ce kiyi ta haɗin, ki yi aƙalla sati biyu kafin tashi, hannu zai ɗan yi tsami kwana ɗaya ko biyu wasu da ɗan ciwon kai, in kina zazzaɓi mai zafi ranar a ɗaga. Ki sa su rubuta miki suna da kwanan wata a kati saboda ƙarin na hanta bayan wata 6, shi ne mutane suka fi mantawa.

Ɗan Kemis:
Kuma a tambaya a ga daga firji aka ciro ta, digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su, in ta taɓa daskarewa ta lalace ko da kwanan watanta bai ƙare ba. Duk wanda ya ciro miki allurar rigakafi daga kan kanta ko aljihun jaka kar ki yarda a yi miki.